Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Masu sauraro, musamman iyayena da yayyena da ƙannena mata da ke cikin gidaje, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu. Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga matan ƙasar Birnin Gwari, na cikin gari da na Gwaska da Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da sauran ƙauyukan da ke bakin daji. Wadda ke tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai saƙa ta riƙe zarenta, amma a ba ni aron kunne, domin maganar yau ta ido ce.

Za mu yi magana ne a kan wani ciwon ido da magani ke haddasawa. E, magani kuka ji na ce. Maganin da muke aikawa a sayo mana a kemis don neman sauƙi, wani lokaci shi ne ke jawo hawan jinin ido. Wasu idan aka tsayar da maganin sai su warke. Wasu kuwa sai an kai ga yi musu aiki, wato tiyata. To, me ke raba waɗannan da waɗancan? Wannan ita ce tambayarmu ta yau.

Bari mu fara da shi kansa hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma. Ko da yake mun saba cewa hawan jini, ba jini ba ne ke hawa, ruwa ne. A cikin ƙwayar ido, daga gaba, akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa dare da rana, kuma ba shi ne hawaye ba. Yadda yake ɓuɓɓugowa haka yake tsiyayewa ta wata 'yar mafita mai ƙananan ƙofofi kamar na matankaɗi. Ki kwatanta da tsakar gidanki da damina. Muddin rariya a buɗe take, komai ƙarfin ruwan sama zai wuce waje. Ran da shara ta toshe rariya kuwa, sai ruwa ya kwanta, ya yi ta cin gindin katanga a hankali har ta zube. To haka ido yake. Idan mafitar ta toshe, ruwan ya taru, sai ya riƙa danne jijiyar gani, wadda ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan jijiya tana ɗauke da zarurruka fiye da miliyan ɗaya, kuma duk zaren da ya mutu ba ya sake tsirowa.

Likitoci suna da na'urar auna ƙarfin wannan ruwa. A mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'auninsu. Abin tsoro da ciwon shi ne, galibi ba ya zafi, ba ya sa ido ja. Daga gefe yake fara cin gani, tsakiya tana nan garau, don haka mutum ba ya ankara. Sai a ga yana tuntuɓe da kujera, yana karo da bakin ƙofa, ana cewa rashin natsuwa ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, hawan jinin ido ne na biyu wajen makantar da mutane. Cikin waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama, kusan 5 cikin 100 suna da shi, kuma cikin masu shi, kusan mutum ɗaya ne kacal cikin 20 ya san yana ɗauke da shi. Ita yanar ido ana cire ta gani ya dawo. Shi wannan abin da ya ci ya ci ke nan.

To, wane magani ne ke toshe wannan rariya? Wani dangin magani ne da ake kira sitiroyid. Kada a fahimce ni a baibai, magani ne mai amfani ƙwarai a hannun likita. Yana kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, yana ceton rai a ciwon asma da wasu cututtukan ƙoda da na gaɓoɓi. Illarsa tana zuwa ne idan an yi ta amfani da shi ba sa ido. Yana sa wani irin datti ya riƙa taruwa a ƙofofin mafitar nan, su ƙuntata, ruwa ya kasa wucewa.

Ta ƙofa huɗu wannan magani ya fi shigowa gidajenmu. Ta farko, maganin ɗigawa a ido, kuma ita ce mafi haɗari, domin kai tsaye yake shiga. Duk mun san yaran nan masu ƙaiƙayin ido, yawanci maza, waɗanda kullum hannu na ido suna murza, farin idon ya koma ƙasa-ƙasa, da kwantsa mai yauƙi, abin ya tsananta lokacin ƙura da zafi. Da an ɗiga musu irin wannan magani, kwana biyu sai ido ya washe. Uwa ta ji daɗi, ta adana kwalbar. Duk lokacin da ƙaiƙayi ya dawo sai a ba yaro kwalbar da ta ƙare, a ce je ka kemis a ba ka irinta. Haka za a yi shekara biyu, uku. Haka kuma ake yi da apolo, wannan jan ido mai yaɗuwa da ya fara ɓulla a Ghana a 1969, alhali shi apolo yakan tafi da kansa cikin sati ɗaya ko biyu. Har waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, akan ba su irin wannan ɗigo na 'yan makonni, amma wasu sai su ci gaba da saye da kansu bayan wa'adin ya cika.

Ƙofa ta biyu, man shafawa. Yawancin mayukan bilicin, da haɗe-haɗen da ake yi wa amare, akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Fatar da ke kewaye da ido ita ce mafi siranta a fuska, don haka abin da aka shafa a wurin yana ratsawa ya isa ido. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta yi gangamin jan kunne a kan irin waɗannan mayuka. Akwai ma mayukan ƙuraje irin su Funbact-A da Skineal, waɗanda ke ɗauke da sitiroyid, amma wasu iyaye na zuba su cikin man jarirai wai don fata ta yi haske da santsi. Ƙofa ta uku, ƙwayoyin ƙiba, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Da yawansu sitiroyid ne, kuma abin da ake gani kamar ƙiba, kumburi ne da kitse mara amfani a fuska da ciki. Ta huɗu kuwa, allurai da ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da ake maimaitawa ba tare da takardar likita ba.

Wata za ta ce, ai ga maƙwabciyata ta yi shekaru tana shafawa, ba abin da ya same ta. Gaskiya ne, ba kowa yake kamawa ba. A farkon shekarun 1960 wasu likitocin ido biyu a Amurka, Armaly da Becker, sun gwada ɗiga wannan magani a idon mutane na tsawon sati huɗu zuwa shida. Sai suka tarar kusan mutum ɗaya cikin uku ruwan idonsa ya hau, kuma kamar 5 cikin 100 nasu ya hau ƙwarai da gaske. Cikin waɗanda dama suna da hawan jinin ido kuwa, kusan 9 cikin 10 ne abin ya taɓa. Matsalar ita ce ba a rubuta a goshin kowa ba. Ba ki san ko ɗanki yana cikin waɗancan biyar ɗin ba sai an auna. Waɗanda suka fi zama cikin haɗari su ne ƙananan yara, da tsofaffi, da wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa na jini ke da ciwon, da masu ciwon sukari, da waɗanda ba sa hangen nesa sai da tabarau mai kauri.

Yanzu mu zo ga gundarin magana. Idan aka gano abin da wuri, aka janye maganin, a mafi yawan mutane ruwan yakan sauka da kansa cikin 'yan kwanaki zuwa sati huɗu. Wasu sai an haɗa musu da maganin ɗigawa mai rage ruwan ido na wani lokaci. Amma akwai waɗanda duk wannan ba ya isarsu. A babban asibitin koyarwa na birnin Delhi a ƙasar Indiya an bi diddigin masu irin wannan ciwo, aka buga sakamakon a 2008. Kusan ɗaya cikin huɗu sai da aka yi musu aiki. Ga abubuwan da ke tura mutum zuwa wannan sahu.

Na ɗaya, daɗewa ana amfani da maganin. Wannan shi ne uban tafiya. Rariyar da shara ta toshe jiya, da tsinke ma sai ki buɗe ta. Wadda ta shekara a toshe, laka ta bushe ta zama kamar dutse, sai an kira magini ya fasa. Wanda ya ɗiga na sati uku da wanda ya ɗiga na shekara uku ba ɗaya suke ba. A na biyun, mafitar tana iya lalacewa ta yadda ko an daina maganin ba za ta koma daidai ba. Binciken da aka yi a Singafo a kan yara masu tsananin ƙaiƙayin ido, wanda ya fito a 2012, shi ma ya nuna cewa waɗanda suka fi daɗewa a kan maganin su ne suka fi kaiwa ga tiyata.

Na biyu, yadda ruwan ya hau kafin a zo asibiti. A wancan bincike na Delhi, waɗanda magani kaɗai ya ishe su sun zo ne ma'auninsu yana wajen 30. Waɗanda aka yi wa aiki kuwa sun zo yana dab da 50, wato fiye da ninki biyu na mai lafiya. Maganin ɗigawa yana da iyakar abin da zai iya ragewa. Idan tazarar ta yi yawa, ba zai iya cike ta ba, kuma ido ba zai iya jira ba, domin a irin wannan matsi jijiya na iya lalacewa cikin ɗan lokaci.

Na uku, ƙuruciya. Iyaye mata, a nan nake so ku ƙara kasa kunne. Idon yaro ya fi na babba saurin amsa wannan magani, ruwansa ya fi saurin hawa, ya kuma fi yin sama. A binciken Delhi, 'yan shekara 20 zuwa ƙasa sun fi buƙatar aiki. Ga shi kuma yaro ba ya iya bayani. Ba zai ce miki Umma gefen idona ya dushe ba. Sai dai malamin makarantar allo ya ce yaron nan ya faye kai allo kusa da fuska, ko a ga ya daina fita wasa da magariba. Sannan likita yana duba cewa wannan ido zai yi wa yaro hidima na shekara sittin ko saba'in nan gaba in Allah Ya ba shi rai, don haka ba zai yi sakaci da shi ba.

Na huɗu, yawan ɓarnar da ta riga ta auku a jijiya. Idan likita ya leƙa ya ga saura kaɗan, dole ya sauke ruwan ƙasa sosai, ya kuma tabbata ya zauna a ƙasa dare da rana. Sau da yawa aiki ne kaɗai ke iya ba da wannan tabbaci.

Na biyar, ƙarfin maganin da hanyar da ya shiga. Ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Masu suna dexamethasone da betamethasone da prednisolone sun fi tayar da ruwan ido a kan masu sauƙi irin fluorometholone. Ɗigo sau shida a rana ya fi sau biyu illa. Allurar da ake yi a gefen ido ko cikinsa, wadda ke zama wata da watanni tana aiki, ba a iya tsayar da ita kamar yadda ake ajiye kwalba, shi ya sa likitan da ya yi ta yake cewa a riƙa dawowa awo.

Na shida, wanda ba zai iya rabuwa da maganin ba. Akwai masu ciwon ƙoda ko kumburin cikin ido ko wata cuta da dole sai da sitiroyid. Irin waɗannan ba laifinsu ba ne, kuma ba a ce su daina ba. Abin da ake so shi ne likitan da ke duba su ya haɗa su da likitan ido. Haka nan wanda dama yana da hawan jinin ido na gado a ɓoye, maganin ya zo ya tono shi, to ko an janye maganin ciwon na nan.

Na bakwai ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen karkara: nisa da halin rayuwa. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiya ce ta fiye da kilomita 100, kuma kowa ya san shekarun da wannan hanya ta yi wuyar bi saboda 'yan bindiga, har kasuwar shanu ta garin ta daɗe a rufe kafin a sake buɗe ta a ƙarshen 2024. A irin wannan hali ciwon da ba ya zafi shi ake fara ɗagewa. Maganin rage ruwan ido kuma kullum ake ɗiga shi, ba fashi, ga tsada, ga shi ba kowane kemis ke da shi ba. Idan likita ya lura mutum ba zai iya samun magani a kai a kai ba, ko ba zai iya zuwa awo ba, yakan ga aiki ya fi masa aminci a kan ya koma gida da kwalba ɗaya ta ƙare a wata guda.

To mene ne shi wannan aiki da ake jin tsoro? Ba cire ido ake yi ba, kamar yadda ake yaɗawa a gidajen biki. Sabuwar rariya ake buɗewa. Likita yana yin 'yar ƙaramar ƙofa a saman farin ido, a ƙarƙashin fatar ido ta sama inda ba a gani, ruwan ya riƙa tsiyayewa ta nan. Wani likita a Ingila mai suna Cairns ne ya bayyana wannan hanya a 1968, kuma har yau ana amfani da ita. Wani lokaci kuma ɗan siririn bututu ake sawa. Babba akan kashe masa wurin ne kawai da allura, yaro kuwa a sa shi barci. Abu biyu nake so ku riƙe. Na farko, aikin ba ya dawo da ganin da ya tafi, yana tsare wanda ya rage ne. Don haka idan likita ya ce aiki, jinkiri hasara ce, ba a cewa bari sai bayan kaka. Na biyu, jikin yara da na baƙar fata yana saurin haɗe rauni, sabuwar ƙofar tana iya rufewa, shi ya sa komawa asibiti bayan aiki yake da muhimmanci kamar aikin kansa.

Me za ki yi yau, ke da ke cikin ɗaki? Ki tattaro duk maganin ido da man shafawa da ƙwayoyin da ke cikin kwalla ko saman taga. Idan ba kya karanta boko, ki kira ɗan makaranta ya duba miki ƙananan rubutun jikin kwali. Ku nemi waɗannan sunaye: dexamethasone, betamethasone, prednisolone, hydrocortisone, clobetasol, triamcinolone. Idan kun ga ɗaya, kuma an wuce sati biyu ana amfani da shi a ido ko a fuska ba da umarnin likita ba, to lokacin awo ya yi. Ki tafi da kwalbar ko kwalin, ki faɗa wa likita gaskiyar tsawon lokacin. Ko man bilicin ne kada ki ji kunya, ba alƙali ba ne, kuma da wannan bayani zai san inda zai dosa.

Amma ga gargaɗi babba. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar, kada ta yanke ta rana ɗaya. Jiki ya riga ya saba, yankewa farat ɗaya na iya jawo kasala mai tsanani da amai da faɗuwar jini, har ya kai ga rasa rai. A hankali likita ke ragewa. Mai asma kuma kada ta jefar da abin shaƙarta saboda ta ji wannan shiri, ta dai nemi a riƙa duba mata ido. Ta kuma gaya wa likitan ido tana da asma, domin wani maganin rage ruwan ido, irin timolol, ba ya jituwa da masu ita.

Shi kuwa yaro mai ƙaiƙayi, ki riƙa wanke masa fuska da ruwa mai tsabta, ki jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan randa mai sanyi ki ɗora masa a ido, ki rage masa zama cikin hayaƙin murhu da ƙurar sussuka. Akwai magungunan ƙaiƙayi da ba su da sitiroyid, likita zai rubuta. Kuma ki kwantar da hankalinki, yawancin yaran nan ƙaiƙayin yana barinsu da sun balaga. Abin baƙin ciki ne a ce ciwon da zai tafi da kansa ya tafi, ya bar makantar da maganinsa ya jawo.

A fara da babban asibitin Birnin Gwari ko asibiti mafi kusa, a nemi a tura ku inda ake auna ruwan ido. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ta wajen Mando, daidai ɓangaren da mai zuwa daga Birnin Gwari ke shiga gari. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Akwai kuma asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943. Awon ba ya ɗaukar lokaci, ba ya zafi.

Na san yawancinmu ba ma fita sai da izinin maigida, don haka ga saƙo gare ku iyayenmu maza, na san wasunku na jin mu daga zaure. Idan uwargida ko amarya ta ce tana son a kai ta ko a kai yaro awon ido, don Allah kada a ce ai idon lafiya lau yake, ba ja ba kwantsa. Wannan ciwo ba a ganinsa da ido. Kuɗin mota na yini ɗaya bai kai kuɗin tiyata ba, kuɗin tiyata kuma bai kai ɗawainiyar jagorancin makaho har ƙarshen rayuwa ba. Ke kuma 'yar'uwa, ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi, ki nuna masa kwalbar, ki gaya masa abin da kika ji. Idan da hali, ku haɗu da matan gida da na maƙwabta a yi tafiya ɗaya.

Cikin abubuwa bakwai ɗin nan da na lissafa, shekarun yaro da gadon iyaye ba a hannunmu suke ba. Amma tsawon lokacin da kwalba za ta yi a ɗaki, da ranar da za a je awo, waɗannan a hannunmu suke, kuma su ne suka fi nauyi a sikeli. Hasken fata da ƙibar kwana arba'in da farin ido na sati ɗaya duk gira ce. Kada garin neman gira a rasa ido.

Nan za mu dakata a yau. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Allah Ya tsare mana ganinmu da na 'ya'yanmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.